Gurbi Goma Sha Shida a Gidan Zuwaira Mai Turare

Ka taɓa ƙirga taku nawa ne daga inda kake kwana zuwa inda wayarka ke kama rezo, wato sabis? In amsarka ita ce ko ɗaya, to ka gode wa Allah, ka zauna ka ji na Inna Zuwaira mai turare. Nata taku ɗari biyu da goma sha biyu ne daga bakin gadonta zuwa gindin benen Alhaji Audi, sai matakala goma sha tara zuwa kan rufin. Ɗari biyu da talatin da ɗaya zuwa, haka kuma dawowa. A can sama, kusa da tankin ruwa, in ta ba masallacin Koudoukou baya ta ɗaga hannu, wayarta kan kawo sanda biyu. Ran da aka yi sa'a, uku.

A unguwar Kilomita Biyar aka haife ta, shekara sittin da ɗaya ke nan, a gidan da kakanta ya gina bayan ya taso daga Damagaram da fatauci. Tun tana 'yar shekara tara take haɗa turaren wuta a gefen mahaifiyarta, kuma har yau ba ta auna komai da ido. Cokali bakwai na sukari, ludayi biyu na humra, itace mudu ɗaya, minti arba'in a kan garwashi mara harshe. Amaren lungu huɗu da ƙanshinta suka shiga ɗaki. Ta auri Malam Abdulrahim mai shagon sabulu a titin Koudoukou, ta haifa masa biyar, autarsu Sharifa. Da ƙannensa biyu da matansu da yaransu, mutum goma sha bakwai ke cin tukunya ɗaya a gidan. In an idar da sallar magariba, takalma talatin da huɗu ake tsallakewa a bakin zaure.

A watan Fabrairun 2014, lokacin da gari ya rikice, manyan motoci suka tsaya a bakin titi, mutum goma sha biyar daga gidan suka hau. Malam Abdulrahim ya ce shi ba inda za shi, in aka bar gida ba kowa, waɗanda suka tafi ba su da wurin dawowa. Zuwaira ta tsaya tare da shi. Da hannunta ta miƙa Sharifa, 'yar shekara goma sha ɗaya, ga matar ƙanin mijinta a saman mota, da ƙullin turare a cikin riga. An ce wata uku. Shida suka zauna a Garwa-Bulai, bakin iyakar Kamaru, har da Sharifa, huɗu suka wuce Injamena, uku Duwala, biyu Yamai. Malam ya rasu bayan shekara huɗu. Sharifa ta zo ta'aziyya, ta yi kwana tara, ta koma makaranta. Tun daga nan sai murya.

Shi ya sa layin wayar Zuwaira bai canzu ba. Na ƙaramin kamfani ne, wanda eriyarsa ba ta kai cikin lungu. Katangun siminti da rufin kwano sun tare ɗan abin da ke isowa. An yi mata magana ta fi sau hamsin ta canza zuwa babban layi.

"Wannan lambar yaran suka haddace a cikin mota," take cewa. "In na canza, wanda wayarsa ta ɓata a Duwala ta ina zai nemo ni?"

Don haka kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ta hau benen Alhaji Audi. Juma'a ɗari biyar da saba'in da ɗoriya. A nan ta ji Sharifa ta gama makaranta. A nan ta tsaya ranar ɗaurin auren yarinyar, waya a kunne, ta ji an nemi aure, ta ji an bayar, ana shirin ɗaga hannu a yi Fatiha layi ya katse a minti na huɗu. Ta kira sau goma sha ɗaya. Da ya shiga, an riga an shafa, ana rabon goro.

A daminar bana ta zame a matakala ta goma sha huɗu. Gwiwar dama ta kumbura kamar gwanda, mai ɗori ya ce bene ya haramta gare ta. Kwana saba'in da uku ba ta ji muryar Sharifa ba sai sau ɗaya, ga shi yarinya na da cikin fari. Saƙo dai yana zuwa ta bakin mutane: Sharifa na gaishe ki, Sharifa ta ce ƙafa ta ɗan kumbura. Sau ɗaya aka ɗora ta a babur zuwa bakin titi inda rezo ke kamawa, aka ajiye mata kujera tsakanin 'yan canji da masu taksi. Ta buɗe baki za ta tambayi 'yarta abin da uwa ke tambayar mai ciki, ta ga maza shida na kallonta, hon na tashi ta ko'ina. Ta ce, "Lafiya dai ko? To Allah ya raba lafiya." Daƙiƙa hamsin. Ta koma gida ba ta ci abinci ba.

Ranar wata Talata, Hafiza ta shigo da gudu. Hafiza matar wani direba ce da ke zaune a ɗakunan gaba na gidan, shekara shida tana yi wa Inna girki da ɗebo ruwa.

"Inna, an sauka! Mace! Matar Alhaji ce ta amsa a bene. Kuma Sharifa ta ce a gaya miki, ranar suna za ta sa a riƙe waya a gaban liman, ƙarfe shida da rabi na safe, ki ji da kunnenki. Ta ce kada wani ya gaya miki sunan, ke za ki ji."

Zuwaira ta yi guɗa, ta yi hamdala, sannan ta dubi gwiwarta. Kwana bakwai. Matakala goma sha tara.

Ran Alhamis Shamsu ya zo barka. Ɗan abokin kasuwancin Malam ne, uwarsa 'yar unguwar Miskine, yana da shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku, kuma shi ke hawa eriya yana gyara wa ƙaramin kamfanin nan. Yaren Sango ya fi zama a bakinsa, sai Faransanci, Hausa ta zo ta uku tana ɗingishi.

"Mama, barka da jika."

"Inna ake cewa, ɗan Miskine. Shekara talatin ina gyara maka. Ku da kamfaninku kun ji kunya, ka ga inda kuka bar ni."

"Ai shi na zo. Akwai wani akwati da ake gwadawa a gida ashirin. Na sa sunan gidan nan."

Ya dawo da shi ran Asabar. Fari ne, bai fi fakitin sukari biyu ba, da ƙananan fitilu uku a goshi. Ya ce sunansa a takarda femtosel. Zuwaira ta gwada faɗa sau biyu ta bari.

"Eriya ce ƙarama, Mama. Ba ta kai titi. Mita ashirin, talatin, iyakarta ke nan. Amma cikin ɗaki, tana cika shi."

"Ka ce kasko mana. Kaskon turare. Ba ya ƙamsasa unguwa, amma ɗaki ɗaya sai ya tashi da shi."

"Haka ne! Wallahi haka ne." Ya yi dariya yana warware waya. "Za ta sha intanet daga farantin tauraron ɗan'adam na benen Alhaji, ta wannan igiya. Daga nan magana ta tafi wani babban inji a wata ƙasa. Injin ba namu ba ne. Ƙananan kamfanoni uku ba mai ƙarfin sayen nasa, sai wani ya ajiye guda ɗaya yana kula da shi, kowa na shiga da layinsa. Akwati ɗaya, layin kamfani uku."

"Garwashi ɗaya, turare uku."

"Mama, ke ya kamata a ɗauka aiki."

"Inna, na ce."

Igiya mita hamsin da takwas ya ja ta kan rufin gida uku. Ya kafa ƙusa biyu sama da ƙofar ɗakinta, ya rataya akwatin, ya haɗa shi da batirin sola saboda ɗaukewar wuta. Aiki na awa uku da minti goma. Fitilu suka kama, ɗaya, biyu, uku, duk kore. Sannan ya zaro takarda mai layi goma sha shida, da rubutun Faransanci a sama.

"Saura abu ɗaya. Akwatin ba ya amsa wa kowa, sai wanda ya sani. Ki rubuta lambobin..." ya dubi Faransancin, ya laluba Hausa a kansa, "...lambobin mutanen gida. Gurbi goma sha shida. Ina sauri, motar garin Boali na jirana, akwai eriya da ta mutu. In kin gama, Alhaji ya ɗauki hoto ya tura ofis. Gobe war haka kina kwance kina hira."

Ya fita. Zuwaira ta sa tabarau, ta jawo faifai ta ɗora takardar a kai. Ba ta buɗe littafi ba, don duk suna kanta. Ta fara da babban ɗanta a Injamena. Sai mai bi masa. Sai ta Duwala, wadda ta canza layi sau uku. Sai 'ya'yan ƙanin Malam da suka hau mota a goye a baya, yau kowa da wayarsa. Kowace lamba in ta rubuta sai ta tsaya ta tuna inda mai ita ke zama a tsakar gida: wannan gindin mangwaro, wancan bakin rijiya, Sharifa kullum a jikin ƙafarta tana satar sukarin turare. Goma sha biyar. Saura gurbi ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rubuta lambar Malam Abdulrahim, wanda sim ɗinsa ke cikin gwangwanin alawa a ƙarƙashin gado shekara bakwai. Goma sha shida cif. Ta ninke, ta aika wa Alhaji Audi. Alhaji ya ɗauka da wayarsa ya tura, bai karanta ba, ya mayar mata da takardar.

Lahadi ta zo. Fitilu kore, waya ba sanda ko ɗaya. Zuwaira ta matsa kusa da akwatin, ta ɗaga, ta juya gabas, ta cire batir ta hura ta mayar. Babu. Ta sa Hafiza ta turara akwatin da turaren da ta haɗa wa mai jego, ko sanyin damina ne ya kama shi.

"Inna, wannan fa ba amarya ba ce," in ji Hafiza.

"Yi dai. Me kika sani game da femto-wancan?"

Litinin da safe babu. Ta duba fuskar wayar sau talatin da shida kafin azahar. Ta fara lissafin da ba ta so: in aka ɗauke ta a kujera, maza huɗu, matakala goma sha tara masu santsi, da sassafe, a cikin ruwa. Ko kuma bakin titi, da hon, ta ji rabin suna. Fatihar auren nan ta dawo mata sabuwa. Ba ta ga yarinyar ta zama budurwa ba, ba ta yi mata lalle ba, ba ita ke dama mata kunun kanwa ba yanzu. Kalma ɗaya tak aka ajiye mata, ita ma tana neman kuɓucewa.

Shamsu ya iso ƙarfe uku saura kwata, da jar ƙasar hanya har gira. Ya bi igiyar mita hamsin da takwas da hannu. Ya auna batir. Ya kashe akwatin ya kunna. Ya hau bene ya sauko sau biyu. Komai lafiya lau. Ya zauna a kan turmi yana share gumi.

"Ban gane ba. Akwatin na aiki, wayarki ce bai sani ba. Mama, ina takardar?"

Ta zaro ta daga ƙarƙashin matashi. Ya karanta layin farko, ya karanta na biyu. Ya sa yatsa ya gangara har ƙasa.

"Wannan ɗari biyu da talatin da biyar, Cadi. Wannan ɗari biyu da talatin da bakwai, Kamaru. Kamaru, Kamaru... wannan Nijar. Mama! Ina lambarki?"

"Ka ce mutanen gida."

"E, mutanen gida! Waɗannan ai ba mutanen gida ba ne."

Zuwaira ta cire tabarau a hankali.

"To mutanen ina ne?"



"Ka duba na bakwai," ta ce. "A ɗakin can aka yanke masa cibi. Ta goma, ga tabon da ta yi wa ƙofar nan da ƙusa. Ka ce akwatin ba ya amsa wa wanda bai sani ba. To na sanar da shi su, don in sun kira kada ya ce su wane ne. Gurbi goma sha shida ka ba ni, mu goma sha bakwai ne. Dole a bar ɗaya. Ni ai ina nan, yana ganina."

Shamsu ya sunkuyar da kai. Ya ga lamba ta ƙarshe, ya gane ta, don yana yaro ya sha kiranta. 

"Laifina ne, Inna," ya ce. Karon farko ke nan da ya faɗi sunan daidai. "Hausata ce. Abin da takarda ke nufi, wayoyin da ke kwana a ƙarƙashin rufin nan. Masu kira daga waje ba ruwan akwati da su, kowa zai same ki. Ke kaɗai yake bukatar sani."

Hafiza ta leƙo ta kafaɗarsa, ta bi layukan da ido har ƙasa.

"Au. Shekara shida ina tuƙa miki tuwo, Inna, ashe ban shiga gida ba tukuna?"

Da wasa ta faɗa, amma muryar ta ɗan karye a ƙarshe. Zuwaira ta dube ta kamar yau ta fara ganinta.

"Kawo biro," ta ce. "Shamsu, ba ni sabuwar takarda."

Ta rubuta lambar Hafiza a layin farko, tata a na biyu. Layin Hafiza na wani ƙaramin kamfanin ne daban, Shamsu ya ce ba komai, ai garwashi ɗaya ne. Sai dai akwai matsala: ofishinsu ya tashi ƙarfe uku da rabi, kuma a ƙa'ida gyaran takarda kan ɗauki awa ashirin da huɗu. Suna kuwa saura awa goma sha huɗu da rabi. Ya hau bene, ya nemi masu kula da babban injin kai tsaye, waɗanda kullum akwai mai tsaro a wurinsu saboda kamfanoni uku ne a wuyansu. Minti ashirin da biyu yana Faransanci. Ya sauko ya ce sun karɓa, amma sai shugabansa ya tura amincewa, shugaban kuma yana hanya, wayarsa a kashe.

"Na bar masa saƙo biyar. In bai shiga ba, ni da ƙannen Alhaji za mu ɗauke ki a kujera."

"In kuka yar da ni a ta goma sha huɗu fa?"

"Sai mu ce gwiwar hagu ma ta samu rabonta."

"Ɗan banza," ta ce, ta yi dariyar farko a kwana uku.

Talata, bayan sallar asuba, ruwa na zuba a kan kwano. Zuwaira ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da ta ajiye tun bikin da ba ta je ba, ta sa garwashi a kasko. Shamsu na zaure da maza uku da kujerar roba. Shida daidai, babu. Shida da biyar, babu. Ya ce a fara tafiya. Ta ce a ƙara mata minti biyar. Shida da minti goma sha ɗaya wayar Hafiza ta yi ƙara a cikin zani, saƙonnin wata biyu suna shigowa a jere. Zuwaira ta juya tata. Sanda huɗu. Ba ta taɓa sanin wayar na da ta huɗu ba.

Shida da ashirin da takwas ta yi ringi.

"Inna?"

"Na'am. Na'am, 'yar nan. A ɗaki nake. A kan gadona nake."

"Inna, kamar kina nan kusa... Tsaya, ga shi za a fara."

Ta ji hayaniyar maza, ta ji tari, ta ji rago na kuka a nesa, kilomita ɗari shida da ɗoriya. Ta ji liman ya yi salati. Ta matse wayar da hannu biyu. Sai muryar mai shela ta tashi tar, ba yankewa:

"Sunan yarinya Zuwaira! Allah ya raya Zuwaira!"

Aka ɗaga hannu. Ita ma ta ɗaga ɗaya, ɗayan na riƙe da waya, ta bi Fatiha daga farko har amin. Hafiza ta ruga tsakar gida ta saki guɗa a cikin ruwan sama. Shamsu ya ajiye kujera ya ce singila mingi, wato na gode ƙwarai da Sango, ga masu kula da injin da ba sa wurin.

Bayan maza sun watse can, Sharifa ta karɓi wayar. Inna ta sa aka rufe ƙofa. Minti arba'in da bakwai suka yi, ta tambayi duk abin da ba a tambaya a bakin titi: wankan, ruwan nono, cibiya, wa ke gasa ta, yaji nawa ake sa mata. A ƙarshe aka kara wayar a bakin jaririya, ta ji numfashi kawai, ta ce ya isa.

Gurbi goma sha huɗu da suka rage ba su kai mako ba. Matan lungu masu layin ƙananan kamfanonin nan, waɗanda su ma nasu ke Kamaru da Cadi, suka zo ɗaya bayan ɗaya. Akwatin na ɗaukar kira takwas a lokaci guda, don haka ran Juma'a bi da bi ake yi, kowa da kusurwarta a tsakar gida. Juma'ar da ta wuce an ƙirga takalma ashirin da shida a bakin zaure. Bai kai talatin da huɗu ba, kuma ba su ne takalman da take jira ba. Ta san haka. Takardar farko tana nan a soke a bayan akwatin, ta hana a cire. Sharifa ta ce in takwara ta yi ƙwari, bayan babbar Sallah, za su hau mota. Inna ta fara ƙirga kwanaki a bango da gawayi.

Kai ma gwada yau, ba gobe ba. Samu takarda, ja layi goma sha shida, ka rubuta mutanen gidanku yadda suka zo maka, kada ka tsaya tunani. Sannan ka ƙirga nawa ne za su ji in ka ɗaga murya daga inda kake zaune. Duba ko ka manta da mai zuba maka abinci, duba ko ka sa kanka. Wanda ya fi kowa nisa a cikinsu kuwa, ɗauki waya ka kira shi, ka bari ya yi magana har ya gama.